Hawan Dutsen Shaiɗan, Wata Biyar Bayan Gobara

Da ɗan yayata mai karatu a Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya ce, "Kawu, gobe za mu hau dutse," sai na ce masa ai tun ba a haife shi ba nake hawan Dala. Ashe Dala suri ce a gaban wannan. Devil's Peak suke ce masa, wato dutsen Shaiɗan, tsayinsa mita 1,000, yana manne da Table Mountain, shahararren dutsen birnin. Sunan kaɗai ya sa na yi a'uziyya.

Daga wurin tunawa da Cecil Rhodes, wani Baturen mulkin mallaka, muka faro, inda zakunan tagulla suke kwance. Gidan shayin da ke bayansa ba ya nan, sai bango baƙi ƙirin. Na ɗaga waya zan ɗau hoto, wani mai gadi ya daka min tsawa kamar na taka masa gona. Ko gaisuwa babu! A Kano ko ɗan sanda sai ya ce maka "Alhaji" kafin ya ci mutuncinka.

A wannan gangaren wutar ta tashi ranar 18 ga Afrilun 2021, ana cikin azumi, ta cinye kimanin hekta 600. Kafin mu kai tsohuwar hasumiyar tsaro da Turawan Ingila suka gina, gwiwoyina sun fara rawa, ina rarrafe da hannu, kututturan da nake dafawa suna shafa min gawayi a tafi. Dogayen itatuwan da aka kawo daga Turai tsaye suke tsirara kamar turakun lantarki. Amma a gindinsu ƙasa ta yi kore shar, har da furanni. Yaron ya ce tsirran dutsen na asali sun saba da wuta, wasu ma 'ya'yansu ba sa tsirowa sai sun sha hayaƙi. Na tuna ƙunar daji a wajenmu, da ake yi don gafiya ko don sabon tohon da shanu za su ci.

Da na juyo na leƙa ƙasa, nan jikina ya yi sanyi. Ga jami'ar can, ga ɗakin karatu na Jagger ba rufi. A ciki aka adana littattafai da takardu da finafinan tarihin Afirka, da yawa sun zama toka, wasu kuma ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa su a ɗakin ƙasa. Yaron ya ce da jakar kwamfuta kaɗai ya fita daga ɗakin kwanansa ranar. Ni dai littattafan Ajami na kakanmu na tuna, suna can cikin akwati a soro, kusa da jarkar fetur ɗin janareto.

Sama kuwa iska ce kamar ta ɗauke mutum, hulata ma ta tafi da ita. Tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku, ya fito tsaf a cikin teku. Ruwan gora ɗaya da muka saya a ƙasa, da na lissafa da naira, kuɗin buhunan fiya wata ne a gida, ban kuma ce a ƙaro ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Da yamma wata dattijuwa a unguwar Bo-Kaap, ganin muna fitowa daga masallaci ina ɗingishi, ta zaunar da mu ta kawo shayi da wani irin fanke mai kwakwa da kirfa, ta ƙi karɓar ko sisi. Kwana uku ina sallah a zaune.