Godiyata ga waɗanda suka tsaya mana ranar da gas ya yi yoyo a gidanmu

Assalamu alaikum. Yau mako biyu ke nan da faruwar abin, sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta wannan godiya. Alhamdulillahi, ni da yarana da sauran iyalan da muke zaune a gini ɗaya duk muna lafiya, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Wanda zan fara gode wa shi ne dattijon maƙwabcinmu, wanda duk gidan muke kira Baba. Kwana biyu na yi ina jin wani wari-wari a ɗakin girki, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na zubar da shara, na wanke magudanar ruwa, na leƙa bayan firji ko ɓera ne ya mutu. A rana ta biyu na daina jin sa sosai, sai na ɗauka ya wuce. Ashe hancina ne ya saba. Da yamma Baba ya ƙwanƙwasa zai karɓi saƙo, ina buɗe ƙofa ya ja da baya, ya ce, "'Yata, wannan gas ne. Kada ki taɓa komai." A lokacin hannuna yana kan makunnin fitila, don duhu ya fara shiga. Ya ce, "Sauke hannunki." Har yau idan na tuna hannun nan nawa a jikin bango sai gabana ya faɗi.

Baba ne ya sa na kwashe yara, na rufe kan tukunyar gas, muka bar ƙofa da tagogi a buɗe, muka fice. Ya hana a kunna ko a kashe wani abu na lantarki, har fanka. Sai da muka yi nisa da ginin ya ce in kira lambar gaggawa. A nan na tsaya jan ƙafa, kuma in faɗi gaskiya kunya ce ta kama ni. Na ce, "Baba, in suka zo ba su ga komai ba fa? Na tara jama'a a kan wari kawai?" Ya ce, "Ke dai kira. Zato kika yi, zaton za ki gaya musu. Tabbatarwa aikinsu ne."

Ina godiya ga baiwar Allahn da ta ɗauki wayar. Muryata tana rawa, tata a natse. Ta tambaye ni ko kowa ya fito, ko akwai mai jin jiri ko ciwon kai, ko gas ɗin na tukunya ne ko na bututu. Ta ce a ƙwanƙwasa wa sauran maƙwabta da hannu, kada a danna ƙararrawar ƙofa, kada kuma kowa ya kunna taba ko ya tada mota a kusa. Ko sau ɗaya ba ta nuna mini cewa na ɓata mata lokaci ba.

'Yan kwana-kwana suka iso. Ɗayansu ya shiga da wata 'yar na'ura a hannu, ina hango shi ta taga. A tsaye na'urar ƙara ɗai-ɗai take yi, amma da ya durƙusa ya kai bakinta ƙarƙashin kabad sai ƙarar ta ƙi tsayawa. Bayan ya fito ya yi mini bayani: gas na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a lunguna, saɓanin na bututu da yake tashi sama. Kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta, kuma ɗan tartsatsin makunni ko na injin firji ya wadatar. Ƙasan nan kuwa nan autana yake rarrafe kullum.

Da iska ta wanke ɗakin, ya kira ni in gani da idona. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a jikin tiyon, ya ɗan buɗe kan tukunyar. A daidai inda tiyon ya lanƙwashe a bayan murhu, kumfa ta fara tasowa, ƙwaya ɗaya tana ture ɗaya. Robar ta bushe ta tsattsage, kuma tun da muka tare ban taɓa juya murhun na duba ta ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Hajiya, gara da kika kira."

Kashegari jami'an hukumar birni masu binciken lafiyar gine-gine suka zo, mace da namiji, kuma ba ɓangarena kaɗai suka duba ba, ginin gaba ɗaya suka bi ƙofa-ƙofa. A wani ɓangaren sun tarar da robar kan tukunya ta cinye, a wani kuma tukunya cikakkiya a kwance cikin rufaffen sito, alhali a tsaye ake ajiye ta inda iska ke kaiwa. A nawa, jami'ar ta kunna murhu ta nuna mini harshen wutar yana ruwan ɗorawa maimakon shuɗi. Ta ce alamar gas ba ya ƙonewa sosai ke nan, kuma hakan yana haifar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko kaɗan. Sun ba mai gida rahoto a rubuce da wa'adin gyara, suka kuma dawo suka duba. Shi ma ina gode masa, bai ja magana ba.

Jami'ar ce kuma ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba, cewa shi gas a karan kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. Daga baya na karanta cewa a 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara, kuma bayan nan jihar ta kafa dokar zuba sinadarin. Wannan warin ne na yi kwana biyu ina neman kore shi da ruwan wanki. Da na karanta sai da na yi hawaye.

Maƙwabtana, na fitar da ku waje da daddare kun yi sa'o'i a tsaye, babu wanda ya ɓata fuska. Yayata ta ƙasa, ke kika goya autana har ya yi barci, kika kuma kwana da mu a ɗakinki. Na gode ƙwarai. An canza tiyo, an wanke murhu, na kuma sa na'urar gano gas kusa da ƙasa, inda jami'ar ta nuna. Baba da kansa ya zo ya tsaya har aka gwada ta. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka muku duka da alheri.