Abin da na koya a aikin wayar da kai, da rigimarmu da oga kan sanyi

Ƙarshen watan nan na ajiye aiki a ƙungiyarmu ta wayar da kai kan lafiyar mata, kuma tunda sai kirana ake ta yi wai me ya faru, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba korata aka yi ba, ni na rubuta takardata da hannuna. Waɗanda muka yi yawon unguwanni tare sun san rabin labarin, ga ragowar.

Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin awo ta san yadda abin yake. Mace za ta shigo ta zauna a bakin benci, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, sai kin matso sosai sannan ki ji ta ce Sista sanyi ne ke damuna. To a cikin sanyin nan akwai komai da komai, ƙaiƙayi, farin ruwa, ciwon mara, zafin fitsari, har rashin haihuwa duk sanyi ne a wajenta. Wani ba ta saduwa ake ɗaukarsa ba sam, wani kuma gonoriya ce tsagwaronta. Ita dai a saninta a banɗakin haya ta kwaso, ko tsarki da ruwan sanyi ne ya jawo mata, kuma wannan sanin ne ya ba ta ƙarfin halin fitowa daga gida, don babu wanda ta zarga, babu wanda zai zarge ta.

Sai oga ya je bita Abuja ya dawo da sabuwar doka. Daga yau kar ya ƙara ganin ciwon sanyi a takarda ko allo ko sanarwar rediyo, abin da za a rubuta shi ne cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, haka nan da tsawonsa. Hujjarsa wai ai duniya ta ci gaba, Turawa da kansu da can VD suke ce wa irin waɗannan cututtukan, suka koma STD, wato ciwon da ake ɗauka ta jima'i, daga 1999 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a ce STI, wato kamuwa da ƙwayar ko da ba a ji ciwo ba. Duk wannan gaskiya ne, ni ma na karanta. Amma su da dalili suka canja, dalilin kuma na likitanci ne: yawancin masu ɗauke da waɗannan ƙwayoyin ba sa jin komai a jikinsu, mutum yana yawo garau yana rabawa, shi ya sa aka nemi sunan da zai haɗa har da wanda bai kwanta ciwo ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, hukumar ta ce kullum sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa da irin waɗanda ake warkewa. Shi oga abin da ya ɗauko daga bitar kawai shi ne akwai tsohuwar kalma akwai sabuwa, kuma masu ba da kuɗi sabuwar suke son gani a rahoto. Kuma fa Bahaushe ne, in ya ga dama ya fi ni iya Hausa, ba wai bai san abin da matan ke faɗa ba ne.

A mitin na ce masa, Yallaɓai da girman kujerarka, in aka kafa wannan a ƙofa babu matar auren da za ta shiga, don shigarta kaɗai ta nuna ko ita ko mijinta wani ya yi abin kunya. Ya kalle ni ta saman gilashi ya ce Malama mu fa ba 'yan maganin tasha ba ne. Aka yi dariya, har da waɗanda a bayan ido suke ce min gaskiyata ce. Wallahi dariyar nan ta fi min zafi a kan duk abin da ya biyo baya.

Aka buga allo ƙato da jan rubutu aka kafa. Ranar asibitin da a da sai mun ƙaro benci daga makarantar allo ta maƙota, ta koma muna zaune muna korar ƙuda. 'Yan kaɗan da suka zo sai sun goyo yaro su ce shi suka kawo, sai an gama duba yaron lafiyarsa ƙalau sannan uwar ta tsaya tana murza bakin zani. Mai unguwa ya aiko a cire allon don yara 'yan makaranta suna tsayawa suna karantawa da ƙarfi. Da lokacin rahoto ya yi, lamba ta faɗi ƙasa, sai ga shi a rubuce wai rashin ƙwazon ma'aikatan fita ne, aka ba ni takardar tuhuma, kuma a gaban baƙi ya maimaita cewa akwai ma'aikatan da ba sa son canji. Ina zaune a wajen, ruwan roba a hannuna, ban ce uffan ba.

'Yan maganin tashan da ya raina kuwa su suka kwashe mutanen. Ku je tasha ko bakin kasuwa da yamma ku gani, tsohuwar mota da lasifika a kai, an jera robobin ruwa cike da jiƙo ja, mutum yana zayyano alamomin ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ko ni ba zan iya rubutawa nan ba, yana cewa maganin sanyi ko na shekara goma ne. Mata na aika yara su karɓo a baƙar leda. Wadda ba ta je can ba ta je kemis an ƙirgo mata kafso na kuɗin da ke hannunta, ta sha kwana biyu ta ji sauƙi ta bari, alhali gonoriya yanzu ta daina jin yawancin magungunan da, allurar ceftriaxone ce ta rage ake dogaro da ita. Tunjere kuma, wanda shi ma ta saduwa ake ɗauka, shi ne ya fi ba ni tsoro, don mai ciki ba za ta ji komai ba sai ta haifi ɗa ba rai, a ce iska ce ko ƙaddara, bayan gwajin ɗigon jini da allurar penisilin sun isa su tsare shi.

Kar wani ya ɗauka ina cikin masu cewa duk gyaran kalma iyayin Turawa ne, a'a. Na ga zamanin da ake ce wa mutum ɗan ƙanjamau a fuskarsa, ana ce wa ciwon kabari kusa, kuma na ga yadda mutum ke ɗago kai in kika ce masa mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ga shi ita ƙanjamau rama take nunawa, to wanda ke shan maganinsa kullum ya yi ƙiba abinsa, wani kuma da bai taɓa gwaji ba sai ya ce miki dubi jikina Sista, ina ƙanjamau a nan. A 2017 wasu masana harshe da likitoci ƙarƙashin wani farfesa na Jami'ar Ibadan sun ba da shawarar a raba, a ce karya garkuwa ga ƙwayar, a bar ƙanjamau ga ciwon in ya kwantar da mutum, kuma ni a ganina sun yi daidai. A Amurka ma a 1983, a taron Denver, masu ciwon ne da kansu suka tashi suka ce a daina kiransu da sunan waɗanda ciwo ya gama da su. Su suka nema. Matan unguwarmu wa ya tambaye su?

Kuma shi ma sanyin yana da nasa ɓarnar, ban taɓa musu ba. Muddin ta yarda daga banɗaki ne, maigida ba zai sha magani ba, kishiya ba za ta sha ba, wata biyu ta dawo da abin da ta tafi da shi. Shi ya sa mu da can a ƙofa muke cewa sanyi, in an shiga ɗaki an rufe sai a faɗi gaskiya. Hajiya irin wannan ba na banɗaki ba ne, na ma'aurata ne, sai an yi wa maigida da abokiyar zamanki magani tare, kuma ba a tambayar wa ya kawo. Wannan tambayar ita ke kashe aure, kuma tsohuwa ce, tun da tunjere ya ɓarke a Turai wajen 1495 mutanen Italiya ciwon Faransawa suke ce masa, Faransawa kuma su ce na mutanen Naples ne. Laifi tudu ne dai.

Daga baya a hankali aka sauke allon, aka kafa wani mai cewa ana duba sanyi da sauran matsalolin mata kyauta. Benci ya cika. A rahoton ƙarshen shekara na ga an sa shi a matsayin sabuwar dabarar sauraron al'umma da shugabanci ya ɓullo da ita. Takardar tuhumata tana nan cikin fayil, ba a cire ba, ban kuma roƙa ba.

Ke 'yar'uwata ma'aikaciya, ragowar abubuwan da na koya ba su da yawa. In za ki yi wa oga musu ki yi a rubuce, ko a WhatsApp ne, don baki ba ya shiga fayil. Kafin a kai komai wajen bugawa ki karanta wa mai sharar ofis, in ta yi shiru ta kau da kai to a sake. Yanzu da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, samari da 'yan mata za su riƙa jin sakamako daga bakinku, kar ki faɗa wa kowa a gaban waliyyi. Kar ki yarda da mai ce miki gaskiyarki ce a bayan ƙofa.

Wadda za ta gaje ni, littafin ungozomomi yana durowar ƙasa, makullin na wajen maigadi. Waɗanda na ja wa layi da jan biro su ne masu kawo mata da gaske, ki fara kai musu gaisuwa kafin ki je wajen mai unguwa, kuma kar ki je hannu rabbana, ko sabulu ne ki riƙa.