Zaɓe bayan yaƙi: a karɓe makami, a gyara rajista, kafin a kawo akwati

A 1992 Angola ta shiga zaɓe dakarun ƙungiyar 'yan tawaye ta UNITA suna riƙe da makamansu. Da shugabanta Jonas Savimbi ya ga ba shi ne kan gaba ba, sai ya ƙi yarda da sakamakon, yaƙi ya dawo har sai da aka kashe shi a 2002. A Laberiya, madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya samu kusan kashi 75 cikin ɗari a 1997, da yawa sun zaɓe shi ne don tsoron kada ya koma daji. Ba a cika shekara uku ba wuta ta sake tashi. Saliyo kuwa sai da ta gama karɓe makamai a Janairun 2002, sannan ta yi zaɓe a watan Mayu, kuma ya zauna.

Mu a Gombe da Bauchi ba mu da rundunar 'yan tawaye, amma mun san 'yan Kalare da Sara-Suka, kuma ba mu manta 'yan hidimar ƙasa da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011 ba.

Inda aka fi sakaci shi ne rajista. Katin zaɓe yana aiki ne a rumfar da aka yi wa mutum rajista kawai. Wanda ya gudo daga Gwoza ko Damboa ya zauna a Gombe, katinsa na aljihu amma sunansa na can Borno, na'urar tantance masu zaɓe (BVAS) ta unguwar da yake ba za ta gane shi ba. A 2015 INEC ta buɗe wa 'yan gudun hijira wuraren zaɓe a Borno da Yobe da Adamawa, wanda ya tsallaka wata jiha bai amfana ba. Maganin shi ne neman sauya rumfa a ofishin INEC na ƙaramar hukuma, tun ana rajista, don ana rufewa watanni kafin zaɓe. Masu unguwanni da limamai ne suka san gidajen da baƙin suke, su ya kamata a fara nema.

Ranar zaɓe kuma, wakilin jam'iyya ya kula da abu biyu. Na farko, adadin waɗanda BVAS ta tantance. Idan ƙuri'u sun zarce shi, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon rumfar. Na biyu takardar sakamakon rumfa, wato EC8A: a ƙirga a fili, a rubuta, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya tsaya har a ɗauki hotonta don ɗorawa a IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamako. Wakilai da yawa suna tafiya da zarar sun ji ɗan takararsu ya ci, ko yunwa ta kore su tun la'asar saboda jam'iyya ba ta aiko da abinci ba. Idan lamba ta canza a cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, kotu kwafin nan za ta tambaya.