Rab da Arf: darussa daga nazarin jigilar kaya cikin ƙwayar halitta

Ɗalibin da ya fara karanta ƙananan furotin na GTPase, irin su Rab da Arf, yakan rufe littafi da fahimta ɗaya: idan furotin ɗin ya riƙe GTP yana kunne, idan ya riƙe GDP yana kashe. GTP ƙaramin sinadari ne mai fosfet uku, idan aka fasa shi fosfet ɗaya ya fita sai ya zama GDP. Gaskiya ne, amma wanda ya tsaya a nan zai sha wahala a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ke tafiyar da ’yan jakunkunan da ke ɗaukar kaya cikin ƙwayar halitta shi ne juyawa daga wannan hali zuwa wancan, a kan tantanin da ya dace, a daidai lokacin da ya dace.

Furotin ɗin ba su da girma, nauyinsu kilodalton 20 zuwa 25 ne. Su kaɗai ba sa saurin sakin GDP, ba sa kuma saurin fasa GTP. Furotin na rukunin GEF ne ke zare GDP ɗin, sai GTP, wanda ya fi yawa a ruwan ƙwayar, ya shiga gurbinsa. Na rukunin GAP kuma su ke gaggauta fasawar. Saboda haka, inda GEF yake, nan ne GTPase zai kunnu. Mai son sanin dalilin da ya sa wani Rab yake wuri kaza, ya fara binciken GEF ɗinsa.

A 1987 Salminen da Novick suka nuna cewa Sec4 na yisti, wanda ake buƙata kafin jakunkuna su isa tantanin waje, ɗan gidan Ras ne, wato babban dangin ƙananan GTPase, kuma Rab ne shi ma. Yau an san Rab sama da 60 a jikin mutum, yisti kuwa 11 gare shi. Rab5 na zaune kan endosom na farko, wato jakar da ke karɓar kayan da ƙwayar ta shigo da su, Rab7 kan na ƙarshe mai gangarawa laisosom, inda ake narkar da kaya, Rab11 kan hanyar mayar da kaya waje, Rab1 tsakanin ER, inda ake ƙera furotin, da Golji, inda ake tantance su a aika. Kamar ’yan kamasho a tasha suke: ba su ke tuƙa mota ba, amma su ke kiran masu lodi da direba, su kuma faɗi inda za ta tsaya. Sar1 da Arf1 aikinsu wajen ɗaura jakar ne. Sec12 ya kunna Sar1 a kan ER, Sar1 ya jawo Sec23 da Sec24, sannan Sec13 da Sec31 su rufa daga waje, rigar COPII ke nan. Abin burgewa, Sec23 ɗin shi ne GAP na Sar1, wato rigar tana zuwa da abin kwance ta.

Kuskuren da ya fi cin lokacin sababbin masu bincike shi ne na liƙa alamar haske, irin su GFP, furotin mai ƙyallin kore. Rab yana manne wa tantani ne da wutsiyarsa, inda ake ɗaura masa kitse mai kabon 20, galibi guda biyu, a kan amino asid ɗin sistin na ƙarshe. Idan aka sa GFP a wutsiyar, kitsen ba zai ɗauru ba, furotin ya watsu cikin ruwan ƙwayar, hoto ya fito kore fes ba tare da ɗigo ko ɗaya ba. Dole alamar ta zauna a kai. Arf kuwa akasin haka ne: kitsensa mai kabon 14 a kai yake, kan amino asid ɗin gilaisin, don haka tasa alamar a wutsiya ake sawa. Ko maganin rage kolestarol na rukunin sitatin, idan aka zuba shi da yawa kan ƙwayoyin da ake rainonsu, yana rage abin da ake yin kitsen Rab da shi, sai a ga Rab ya bar tantani.

Sai batun furotin da aka kulle da gangan. Rab5 Q79L, wanda aka sauya masa amino asid ɗin gulutamin na 79 don ya zauna a kunne, ba ya fasa GTP yadda ya kamata, kuma yana kumbura endosom su zama manya-manya har a gan su kamar zobba. S34N kuma ana kiransa na kashe. Haka Q67L da T22N a Rab7, H79G da T39N a Sar1. Kayan aiki ne masu amfani, amma suna yaudara. Na kashen ba zaman banza yake yi ba, yana kama GEF ya riƙe gam, kuma idan GEF ɗin yana yi wa wani Rab aiki, shi ma an tsayar da shi. Na kunnen ma ba lallai ya kullu ɗari bisa ɗari ba, domin yawancin GAP na Rab, masu sashen TBC, suna zuwa da nasu gulutamin su cike gurbin wanda aka cire. Ƙari a kan haka, idan aka cika ƙwayar da furotin fiye da kima, yakan malala zuwa tantanin da ba nasa ba. Shi ya sa sakamakon irin wannan gwaji ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an rage furotin na asali da siRNA, mai hana ƙera shi, na awa 48 zuwa 72, ko an cire shi da CRISPR, dabarar gyara DNA, an mayar da shi daidai gwargwado, an ga lahanin ya gyaru.

Magniziyam ma abin lura ne. Shi ke riƙe GDP ko GTP a aljihun furotin. Idan ana son auna yawan Rab7 mai GTP ta hanyar kamo shi da RILP, furotin da ke manne wa Rab7 mai kunne, ruwan fasa ƙwayoyin ya ƙunshi MgCl2 kamar milimola 5 zuwa 10, a yi aikin kan ƙanƙara, cikin hanzari. Ruwan da ke da EDTA, wanda wasu magungunan kare furotin ke zuwa da shi, zai tsotse magniziyam ya ɓata awon. Amma wajen loda wa tsarkakakken furotin GTPγS, wani nau’in GTP da ba ya saurin fasuwa, EDTA ɗin ake nema da farko, daga baya a zuba magniziyam fiye da shi don a kulle.

Hoton ƙwayar da aka kashe aka daskarar ba ya nuna lokaci. Sai da ɗakin binciken Marino Zerial a Dresden ta Jamus ya ɗauki bidiyon ƙwayoyi masu rai, a 2005, aka ga endosom ɗaya yana zubar da Rab5 yana ɗaukar Rab7. Daga baya aka gano Mon1 da Ccz1 ne GEF ɗin da ke kawo Rab7. Ƙwayar cutar tarin fuka a wannan gaɓar take fakewa: jakar da ta haɗiye ta tana riƙe Rab5, Rab7 bai samu zama ba, ba ta kai laisosom balle a narkar da ita. Lahani a Rab7 ɗin kansa na jawo ciwon jijiyoyi na Charcot-Marie-Tooth nau’in 2B, na Rab27a kuma ciwon Griscelli, inda launi ke taruwa a ƙwayoyin fata ya kasa rarrabuwa, gashi ya yi fari-fari, garkuwar jiki ta raunana. Mai son bin Rab11 sai ya ba ƙwayoyi tiransfarin mai haske, furotin mai ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke shiga ƙwayar ya sake fita ta hanyar mayar da kaya waje, ya wanke, ya riƙa auna abin da ya rage ciki daga minti 5 har zuwa awa guda.