Tashi Ka Ci

Wata Lahadi a watan Nuwamba na 2023, bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa ta tare ni a bakin ƙofar majami'a. Sai da mutane suka ragu sannan ta ce, "Baba, maigidana ya yi sati uku bai buɗe shago ba. Ba ya ci, ba ya barci. Don Allah ka zo ka yi masa addu'a."

Ni dattijo ne a ƙaramar ikilisiyarmu a nan Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, kuma na san mijin nata tun yana yaron shago. Tela ne, shagonsa na kusa da Kasuwar Dole. Gabanin babbar sallah ta waccan shekara ya ɗauki yadi da shadda bashi, ya kuma sayi keken surfani mai amfani da lantarki, ya biya rabi da alkawarin cika sauran. Lissafinsa daidai yake. Sai ga juyin mulki ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Kowa a garin nan ya san yadda kasuwarmu ke shaƙar iska ta hanyar Kano. Abinci ya yi tsada, wanda ke fafutukar tiyar hatsi kuwa ba ya tunanin ɗinki. Keken surfani ya zauna cikin ƙura, masu bashi suka fara sallama.

Da la'asar na tafi, Littafi Mai Tsarki a hammata. Na tarar da shi kwance a tabarma. Na karanta masa Filibiyawa 4:19, cewa Allah zai biya dukan bukatunmu. Na karanta Matiyu 6, zancen tsuntsayen sama da ba su shuka, ba su girbi. Na ɗaga murya na yi addu'a mai tsawo, na tsawata wa talauci, na ce masa ya ƙarfafa bangaskiya. Ya ce amin, ya raka ni bakin zaure. Na koma gida ina jin na sauke nauyi.

Ranar Laraba matar ta sake zuwa. Ta ce ina fita ya juya fuska bango ya yi ta kuka, yana cewa, "Ashe Baba ma gani yake rashin bangaskiya ne ya kawo ni nan." Maganar ta soke ni ƙwarai. Ayoyin gaskiya ne, har yau ina riƙe da su. Amma na zuba su a kan mutumin da ban tambaye shi komai ba, sai suka zame masa tuhuma.

A daren na tuna abokan Ayuba. Mun saba zarginsu, amma a Ayuba 2:13 sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta fara ne lokacin da suka buɗe baki.

Washegari na koma da ƙwaryar fura, littafin kuma yana cikin aljihu. Na ce, "Ƙanena, ka yafe mini, rannan na yi magana da yawa." Na zauna. Mun fi rabin awa ba wanda ya tanka. Ina kallon hannunsa yana warware zaren gefen tabarma yana naɗewa a yatsa, ya warware, ya sake naɗewa. Can sai ya ce, "Baba, a 2015 ban karaya ba."

Na gane abin da yake nufi. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin tarzomar zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, an ƙona majami'u a garin nan, Kiristoci da yawa suka fake a barikin soja. Shi ma ya yi asara a lokacin, amma ya tashi, har yana cikin masu ɗaukar bulo. Ya ce wancan bala'i na kowa ne, an yi kuka tare. Bashi kuwa shi kaɗai yake ɗauke da shi, kuma da kunya. Ya daina bi ta titin kasuwa. Ya daina zuwa sujada domin ba ya son faifan baiko, wanda masu sujada ke zuba kyautarsu a ciki, ya wuce ta gabansa hannunsa wayam. Wannan ban taɓa tunaninsa ba, ni da nake cikin masu zagayawa da faifan.

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da ma in kwanta kada in tashi."

Gabana ya faɗi. Zuciyata ta so in ce masa kul, Kirista ba ya faɗin haka. Na danne. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya gyaɗa kai. Na ce masa ba zan riƙe wannan ni kaɗai ba, zan faɗa wa maiɗakinsa da fasto, kuma a gabansa zan faɗa. Bai so ba, amma bai hana ba. Daga ranar ba a ƙara barinsa shi kaɗai ba, mu uku muka riƙa karɓa-karɓa. Muka kuma kai shi likita, aka duba shi, aka taimaka masa a kan rashin barcin. Wasu 'yan'uwa suna ganin zuwa likita a kan ciwon zuciya kamar raina addu'a ne. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Wanda ya yi sati uku ba barci, ko amin ba ya iya cewa da hankalinsa.

A ranar abu ɗaya na karanta masa, 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya, wanda wuta ta sauko daga sama da addu'arsa, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai yi masa faɗa ba. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga waina ga tulun ruwa. Ya ci ya koma barci. Aka sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Maganar Allah da shi sai daga baya, a Dutsen Horeb. Na rufe littafin, na tura masa ƙwaryar. Ya sha ludayi uku. Matarsa tana leƙe daga bakin ƙofa, ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Addu'ar da muka yi gajeriya ce, har yanzu ina tuna ta: "Ya Uba, ga ɗanka, ya gaji. Ba mu san mafita ba. Ka ba mu abincin yau, ka ba shi barcin daren nan. Kada ka bar shi. Cikin sunan Yesu." Ban yi masa alkawarin cewa kuɗi za su zo cikin kwana bakwai ba. Na ga mutanen da irin wannan alkawari ya raba da majami'a, domin kwana bakwai ɗin sun cika, mai bashi kuma yana nan a ƙofa.

Da ya ce ba ya iya addu'a, sai na nuna masa Zabura 88, wadda ke farawa da kuka ta ƙare da duhu, ba ko kalmar murna a ƙarshenta. Na ce ita ma addu'a ce, tana cikin Littafin. Ya yi mamaki ƙwarai. Ita ya riƙa karantawa har wajen sati biyu, daga baya ya koma Zabura 13 da kansa.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa muka zo kan lissafi. A 2 Sarakuna 4, gwauruwar da mai bashi zai kwashe wa 'ya'ya biyu ta je wurin Elisha, shi kuwa ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Mu ma muka ɗauko littafin awon da yake rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannun riga, muka juya bayansa. A kansa bashin ya wuce miliyan. Da muka rubuta: mai yadi jika 380 (jika ɗaya sefa dubu ce), sauran kuɗin keke jika 120, hayar shago 45, adashi 40, mai kanti 25. Duka jika 610. Kuɗi ne masu yawa, amma yanzu suna da iyaka, ana iya ɗora yatsa a kansu. Ya daɗe yana kallon lambar. A ɗaya shafin muka rubuta abin da ya rage masa: tsohon keken ƙafa da ba ya bukatar wuta, sauran yadi, da hannunsa.

Keken surfani muka mayar wa mai shi, da asara. Ya yi hawaye a kan wannan, ban kuwa ce masa ba komai ba, domin komai ne.

Abin da ya fi tsoro shi ne mai yadin, wani Alhaji a kasuwa. Na raka shi. A hanya sau biyu yana tsayawa. Alhajin ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Abin da ya ɓata mini rai ɓuyan da ka yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mu ma addininmu ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin matsi." Ya karɓi sauran yadin a bakin wani kaso, ya yanka masa jika 15 kowane wata. Mun roƙi Allah ya buɗe ƙofa, ta hannun maƙwabcinmu Musulmi kuma ya buɗe ta, na gode masa a kan haka ba tare da wani nauyin baki ba. Mai gidan hayar dai bai saurara ba, ya karɓe shagonsa.

Saura ikilisiya. Yaƙub 2:15-16 ta hana ni sakat: ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba. Amma mu kanmu 'yan kaɗan ne, kowa na cikin matsin. Ban yi sanarwa a gaban jama'a ba, da hakan ya ƙarasa shi. Gida biyar na bi a asirce, aka haɗa tiya goma sha biyu ta hatsi, aka kai da dare. Shugabar zumuntar mata ce ta fi ni dabara. Ta ce, "Baba, tela aiki ake ba shi." Suka kai masa ɗinkin ankon Kirsimeti, suka biya rabi tun kafin ya sa almakashi. A zauren gidansa ya yi shi, da keken ƙafa, wani lokaci da hasken fitilar waya.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ƙaramar sallah kuma ta kawo masa ɗan aiki. Ba a yi wata mu'ujizar da za a ba da shaida a tafa ba. Akwai watan da ya kasa biyan Alhaji, ya je da ƙafarsa ya faɗa masa. Akwai ranakun da duhun ke dawowa, sai ya aiko yaronsa ya ce Baba ya zo. In na je yanzu, tambaya ta farko ita ce ko ya ci abinci, ta biyu ko ya yi barci, sannan mu buɗe Littafin.

Faifan baiko kuwa na kai maganarsa gaban dattawa. Mun daina zagayawa da shi. Akwati muka ajiye a bayan majami'a, kusa da randar ruwa, mai rufi da 'yar ƙaramar kafa a sama.