Talata, kasuwa shiru, sai hotunan kogin Kolorado

Yau dai ba ciniki. Tun da na buɗe situdiyo fasfo kawai na ɗan ɗauka, wuta kuma tun asuba aka ɗauke, ga fetur yadda ya koma ba zan tada janareta saboda ɗari biyar ɗin fasfo ba, sai na jawo benci bakin ƙofa na zauna ina latsa waya. A guruf ɗinmu na masu hoto na WhatsApp wani ya turo wani tsohon hoto baƙi da fari, kwale-kwale ne na katako a bakin ruwa, duwatsu sun miƙe sama ta kowane gefe har ba ka ganin ƙarshensu, a saman kwale-kwalen kuma an ɗaure kujera, kujera fa irin ta zaman falo mai hannu. Ya rubuta wai a faɗi ina ne. Wani ya ce Dutsen Zuma, aka yi ta dariya. Ni kuma abin ya tsaya min a rai na shiga bincike, to daga nan fa data ta ta fara tafiya.

Ashe kogin Kolorado ne a Amurka, inda ya ratsa hamada ya haƙa wannan ƙaton kwazazzabon da suke kira Grand Canyon, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wuraren ya kai wajen mita 1,800. Kujerar kuma ta wani tsohon soja ce John Wesley Powell, wanda ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasarsu, shi ne yake hayewa kai ya zauna don ya hango inda ruwa ke haukacewa tun kafin su isa. Ya fara bin kogin a 1869, su goma a kwale-kwale huɗu, suka tashi daga garin Green River a Wayomin a watan Mayu suka fito ƙarshen Agusta, kuma ba duka suka fito ba, uku daga cikinsu sun gaji da yunwa da tsoro suka ce su ƙafa za su bi su haura sama, har yau ba wanda ya sake ganinsu. Wannan tafiyar ko hoto ɗaya babu. Sai a ta biyu, 1871 zuwa 1872, ya tafi da mai hoto.

To nan ne ni abin ya shafe ni, don sana'ata ce. Na kira yaron shagona na ce zo ka ga iyayen gidanka, kai da kullum ƙorafi jakar kyamara ta yi maka nauyi in za mu wajen biki. Lokacin ba fim ba memori, gilashi ne. Sai ka shafa wa gilashin wani magani mai danƙo, ka tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ka sa a kyamara yana jiƙe, ka ɗauka, ka wanke shi nan take kafin ya bushe, duka cikin minti goma zuwa sha biyar, in ya bushe ka yi asara. Ke nan ɗakin duhunka dole yana bayanka duk inda ka je, in a kan dutse za ka ɗauka to sai an hau da shi dutsen, da gilasai da kwalaben magani da ruwa mai tsabta, shi kuwa kogin ruwansa ja ne duk laka sai an bari ya kwanta. Akwatin nan saboda nauyinsa ma'aikatan suka sa masa suna igwa. Yaron ya leƙa ya ce "Oga to nawa ake biyansu?" Na ce kai dai kuɗi kawai.

Mai hoton farko sunansa Beaman, suka saɓa da Powell ya yi tafiyarsa. Aka kawo wani Fennemore, shi kuma rashin lafiya ta kayar da shi. Daga ƙarshe kyamarar ta faɗa hannun Jack Hillers, haifaffen Jamus, wanda asali tuƙin kwale-kwale aka ɗauko shi, yana ɗaukar kaya yana kallon yadda ake yi har ya iya, kuma shi ne ya zama gwanin da ake ji da shi daga baya. Wannan ya yi min daɗi ba ƙarya, don yawancinmu a wannan sana'ar haka muka koya, riƙe fitila da ɗaukar jaka. Na kalli yarona, ya gane nufina ya kau da kai.

Abin da na lura da shi bayan na kalli hotunan da yawa shi ne ba ka ganin tashin hankalin a ciki ko kaɗan. Ka karanta cewa ruwa ya yi ta kifar da su, ya farfasa kwale-kwale, garin fulawarsu ya jiƙe ya yi tsami, amma hoto sai ka ga mutum ya jingina da dutse hankali kwance, ruwan da ake cewa yana ruri ya fito sumul kamar koko a kwano. Dalili a fili yake ga duk wanda ya san kyamara, sai an bar ido a buɗe na daƙiƙoƙi kafin hoto ya kama, duk abin da ke motsi sai ya narke, kuma lokacin da ake neman rai waye zai tsaya shafa wa gilashi magani. Duk hotunan nan na lokacin hutu ne. Har na Indiyawan daji 'yan ƙabilar Payut da Hillers ya ɗauka a yankin, akwai waɗanda kayan fatar da ke jikinsu ba nasu ba ne, an ba su ne suka sa don hoton ya yi kasuwa, tunda ana buga su bibbiyu a kati ana sayarwa masu leƙawa ta wani ɗan madubi su ga abin ya taso. Ba zan cika baki ba, ni ma akwai babbar riga da hula da nake ajiyewa a shago saboda masu zuwa da singileti, amma ni wanda ake ɗauka shi ke nema, waɗancan kuwa a madadinsu aka yanke yadda duniya za ta gan su.

Na tashi na yi azahar, na ci shinkafa da wake a wajen mai abincin layinmu, yau man ya yi mata yawa. Na dawo wuta ba ta zo ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 1889. Wani attajiri Frank Brown ya ƙudura wai sai ya shimfiɗa layin dogo ta cikin kwazazzabon nan, a bi gefen ruwa a kai kwal daga Kolorado zuwa Kalifoniya. Ya ɗauki injiniya Robert Stanton da mai hoto Franklin Nims su auna hanya, amma ya ƙi sayen rigunan ruwa. Shi Brown ɗin ruwan ya fara ci, kwanaki kaɗan wasu biyu suka bi shi. Stanton bai haƙura ba ya dawo ƙarshen shekarar da kwale-kwale masu ƙwari da rigunan ruwa, ranar ɗaya ga Janairun 1890 Nims ya hau dutse zai ɗauki hoto ya zame ya faɗo ya karye, da ƙyar aka fitar da shi. Stanton da bai taɓa aikin hoto ba ya karɓi kyamara ya ci gaba da ɗauka, bai ma san ko suna fitowa ba sai daga baya. Shi kuma ba kyau yake nema ba, so yake ya nuna wa masu kuɗi cewa ga inda dogo zai bi, saboda haka duk bayan ɗan nisa sai ya tsaya ya ɗauki gaba ya ɗauki baya, ko wurin ya yi kyau ko bai yi ba. Dogon dai ba a taɓa yin sa ba.

Amma shekara ɗari bayan nan wani masani Robert Webb ya bi sawunsa, ya nemo daidai inda ya kafa kyamara a wurare sama da 400 ya sake ɗauka, aka jera tsoho da sabo. Wallahi na daɗe a kan waɗannan, ina ja da yatsa ina ƙara girma. Akwai ɗan kurmin ƙaya da ke gefen dutse a 1890, a sabon hoton yana nan daram, shi ɗin dai ba ɗansa ba, abin da in ka gani za ka ce bara ya tsiro. Ga kuma tudun yashi fari fes a tsohon, a sabon ya zaizaye ko wata bishiya baƙuwa da aka shigo da ita daga wata nahiyar ta cinye wurin. Hotunan da aka ɗauka don neman kuɗin dogo, abin da ya zama mai amfani a cikinsu shi ne ciyawa da yashin da ke bayan fage, wanda shi mai ɗaukar ko kallo ba su ishe shi ba. Ni kuwa aikina kullum in goge bayan mutum in sa masa shuɗi ko labulen fulawa. Ko jiya sai da na cire wani tsohon soro daga bayan ango saboda ya ce yana ɓata masa hoto.

Yashin nan kuma madatsar ruwa ce ta tare shi. A 1963 aka rufe ƙofofin madatsar Glen Canyon, ruwa ya taru ya zama tafkin da suka sa wa sunan Powell ɗin, ya shanye wani kwazazzabon kusan gaba ɗaya wanda duk waɗannan matafiyan suka ce ya fi ko'ina daɗin bi saboda ruwansa a natse yake. Lakar ta koma kwanciya a tafkin, kogin da ke ƙasa ya daina ja ya koma kore mai sanyi ƙarara. Yanzu in kana son ganin wancan wurin sai dai a hoto, ko da yake fari na shekarun nan ya ja ruwan baya wasu lungunan sun sake fitowa.

Akwai kuma 'yan'uwa biyu, Ellsworth da Emery Kolb, masu situdiyo a bakin kwazazzabon, da suka bi kogin a 1911 da kyamarar majigi, Emery ya yi ta nuna wa baƙi fim ɗin nan guda ɗaya har ya mutu a 1976, wannan shi ne cin jari. Shi ne ma ya ɗauki wasu ango da amarya, Glen da Bessie Hyde, da suka biyo kogin yawon amarci a 1928, bayan 'yan makonni aka tsinci jirginsu lafiya lau da kayansu da kyamararsu a ciki, su kuwa babu su babu labarinsu. Hoton Bessie ban so kallonsa ba, na wuce.

La'asar sakaliya wuta ta zo, na buga fasfo ɗin mutane, na sa batura a caji. Da daddare bayan isha na kira Hajiya, don maganar madatsar ta tuno min ita mahaifiyarta mutuniyar tsohuwar Busa ce, wadda ruwan Kainji ya shanye a 1968 aka kwashe mutane zuwa sabuwar Busa, tsohuwar ce kuma wurin da tun a firamare ake gaya mana Mungo Park ya halaka a 1806. Na ce Hajiya ko akwai hoton gidan su Inna na can? Ta yi dariya ta ce wane irin hoto, su da ko na fuskarsu sai da za a tafi Makka aka yi. Ta ce akwai dai wani kawunta da ya yi aiki da turawan madatsar, ƙila 'ya'yansa suna da wani abu a akwati in gara ba ta ci ba, amma rabonta da su tun rasuwarsa. Daga nan ta koma maganar kuɗin maganinta da bikin 'yar ƙanwarta, wai kar in kuskura in turo yaro ni da kaina za ni. Na ce to. Lambar ɗaya daga 'ya'yan kawun nata ta ce za ta tambayo min ranar Juma'a.