Tsuntsun gyara

Shekara takwas ke nan da aurena, ko ɓari ban taɓa yi ba. A ƙauyenmu, can yankin Sumaila, ba sai an gaya miki ana ƙirga miki shekaru ba, kina gani ranar suna in jariri ya zagayo hannun mata ya tsallake ki. Wata rana a bakin rijiya na ji wata tana cewa an ajiye juya a gidan mijina tana cinye hatsi a banza. Tare muke waƙa da ita a Zumuntar Mata ta majami'armu, shi ya sa maganar ta fi ƙona mini rai. Na sauke tulu, ko ɗaki ban shiga ba, na wuce gidan kakata.

Kaka ta kamu da kuturta tun tana budurwa, lokacin danginmu duk Maguzawa ne. Aka ce sammu ne, aka ware mata ƙwarya da ɗaki a bayan gida. Daga baya aka kai ta Yadakunya, asibitin kutare da ke kusa da Kano, wanda mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suke riƙe da shi a wancan zamani. A can ta sami magani, a can ta ji bishara. Amma kafin nan cutar ta riga ta kashe mata jijiyoyin hannu, sai ta ɗauki tukunya daga kan murhu ta ƙone ba ta ji ba, kuma ta haka yatsun suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ƙwayar cuta ce. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da su. Ina faɗin wannan ne don har yau akwai masu ɓoye tabo a jikinsu don kunya.

Na same ta tana watsa wa kaji dusa. Ta bar ni na yi kukana har na gaji, sannan ta ce, "Kishiyata, ɗauko Littafin nan." Idonta ya yi rauni, sai dai a karanta mata. Ta sa na buɗe Matiyu 10:29, inda Yesu ya ce ana sayar da gwara biyu kobo ɗaya. Ta sa na koma Luka 12:6, inda ya ce biyar kobo biyu.

"To, lissafa mini. Kobo ɗaya biyu, kobo biyu nawa?"

Na ce huɗu, Kaka.

"Na biyar ɗin fa?"

Na yi shiru. Ta ce, "Gyara ne. Mai sayarwa bai sa masa kuɗi ba, mai saye bai biya ba. Karanta ƙarshen ayar." Na karanta: ko ɗayansu Allah bai manta da shi ba. Ta ɗaga dungulmin hannunta ta ce, "Shekarata nawa ina sayar da itace ana ajiye mini kuɗi a ƙasa don kada a taɓa ni? Ni ce tsuntsun gyaran nan, kuma bai manta da ni ba."

Mu Hausawa muna cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar gaskiya ta faɗa game da halinmu, amma gaskiya ce mai ɗaci, don ma'anarta kuɗin ake girmamawa, ba mutumin ba. Abin da ke damuna shi ne wannan mudun ya biyo mu har cikin majami'a. Muna auna mace da yawan 'ya'yanta, namiji da buhunan da ya ɗaga a kaka, kuma mai baiko mai kauri shi ake fara gaisarwa bayan sujada. Ni kaina da shi nake auna kaina duk shekarun nan. Alhali a littafin Farawa, aya ta 27 ta sura ta fari ce ta ce Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa, namiji da mace, sai a ta 28 ya sa musu albarkar haihuwa. Kamannin ya riga haihuwar zuwa. A Markus sura ta fari kuma, da kuturu ya durƙusa gaban Yesu, miƙa hannu ya yi ya taɓa shi yana nan da cutarsa, bai jira ya tsarkaka ba tukuna.

Har yanzu ina son ɗa, ina roƙo, kuma ni da maigidana muna zuwa asibiti a Kano in kuɗin mota ya samu. Akwai dararen da nake kuka. Makon jiya aka yi suna a gidan matar nan ta bakin rijiya, jikarta ce aka haifa. Na je da sabulu da turmin atamfa ƙarami. Da jaririyar ta zagayo, ban jira a miƙo mini ba, na miƙa hannu na ce a ba ni ita. Na riƙe ta har ta yi barci a ƙirjina.